Kafin ka sayi kamshaf da sifirin na tsohon injin nan

Yaro, ka tambaye ni wane kamshaf (sandar nan mai tozaye da take buɗe bawul), wane tafet (ɗan ƙarfen da yake hawa tozon kamshaf) da wane sifirin (mai mayar da bawul ya rufe) za ka sa wa injin Chevrolet 350 ɗin da aka ba ka ka sake ginawa, wanda mai shi yake so don fita yawo ranar hutu, ba don tsere ba. Ka kuma nuna mini wani kamshaf a wayarka, ka ce ƙuginsa ya burge ka. Matsalarku ke nan yaran yanzu, kunne ne yake zaɓa muku kaya. Ajiye wayar ka saurara.

Yawancin injin irin wannan na shekarun 1970 matsinsa bai wuce 8.5 zuwa 1 ba. Ka sa masa babban kamshaf, bawul ɗin shigar mai zai makara wajen rufewa, ɗan matsin da yake da shi ya zube, mota ta mutu a ƙasa, silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, ya yi ta rawa, birki ya yi tauri don zuƙar iskar da sabo, wato na'urar da take sauƙaƙa taka birki, yake dogara da ita ta ragu. Abin da ya dace da shi kamshaf ne na tafet mai shafaffen gindi mai aiki da bakin mai, tsawon buɗewarsa digiri 204 zuwa 214 in an auna a inci 0.050, ɗagawarsa inci 0.420 zuwa 0.450, tazarar tozonsa digiri 112. In giyar otomatik ce kuma ba a canza kwanbata ba, wato abin da yake haɗa inji da giya, kada ka haura nan. Goga bawul da ɗaure tof silinda kuwa ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai iya su ba bai kai a ba shi inji ba.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne sifirin, don tambayarka ta tayar mini da wani ɓacin rai da har yau bai kwanta ba.

An taɓa kawo irin wannan injin garejin nan. Mai shi ya zo da kayansa a kwali, ya rantse cewa sifirin ɗin tare da kamshaf aka sayar masa, saiti guda. Faɗinsu daidai da na asali, inci 1.25 da ɗan ɗoriya, suka zauna ɗas a gurbinsu, sai aka yarda da maganarsa ba a ɗora su a ma'auni ba. Ya matsa lamba a ba shi injin tun ba a tayar ba, wai akwai mai ɗora masa. Can suka yi ta jan sitata don ba su saita wuta ba, har man shafawar da aka sa wa tozo ya goge. Da ya tashi kuma suka bar shi a silo yana ta ƙugi, da bakin mai na motocin zamani a cikinsa.

Bai yi sati biyu ba ya dawo da ƙarar tafet. A ɗaure notin roka, wato hannun da yake danna bawul, ƙara ta ɗauke, bayan kwana biyu ta dawo. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka tozo yana cinyewa. Daga nan sai inji ya fara harbi ta kafireta. Da aka buɗe murfi, roka biyu na bawul ɗin hayaƙi da ƙyar suke motsi, sitod ɗaya kuma, wato ƙusar da roka yake zaune a kai, ya ɗago daga gurbinsa. Aka yanka filta, takardar ciki tana ƙyalƙyali kamar an barbaɗa mata garin azurfa. Gindin tafet ya rame ya zama kamar cokali, tozo biyu sun koma kusan zagaye. Garin ƙarfen nan ya bi ta famfon mai, ya ci metal, ya zana karanshaf, ya lafe a jikin fistin. Sai a ranar aka auna sifirin: laba 145 a rufe, fiye da 370 a buɗe. Na kamshaf mai tafet ɗin rola ne, ya tsinto su da araha ya cusa a kwalin. Da aka nuna masa ma'auni sai ya murje ido ya ce aikin gareji ne bai yi kyau ba, ya hana cikon kuɗin aiki, ya kuma bi gari yana ɓata suna. Gareji ne ya ɗauki wankin bulok, gugar karanshaf da sabon metal.

Ga dalilin da ya sa haka ta faru. Tafet mai shafaffen gindi ba a shafe yake sarai ba, yana da ɗan tudu a tsakiya, shi kuma tozo an ɗan karkata fuskarsa, domin tafet ya riƙa juyawa yana aiki. Wurin da suke haɗuwa bai fi bakin farce ba, kuma babu bututun da yake kai masa mai kai tsaye, fantsamar da karanshaf yake watsowa ce take jiƙa shi. Ka ƙara masa nauyin sifirin fiye da kima tun fuskokin ba su saba da juna ba, sai ƙarfe ya kama ƙarfe, tafet ya daina juyawa, shi ke nan.

Saboda haka sifirin ɗin da takardar kamshaf ta ambata shi za ka saya, kuma duk da haka ka auna goma sha shidan ɗaya bayan ɗaya, ko wa ya kawo su. Ga ɗan kamshaf irin naka, laba 100 zuwa 110 a rufe, kada ya wuce 280 a buɗe. Tsayin zamansa a wannan tof ɗin inci 1.700 ne, amma in an guga mazaunin bawul zai ƙaru, ƙarfi ya ragu, sai ka cike da shim, wato siririn wosha a ƙarƙashin sifirin. A cikakkiyar ɗagawa ka bar aƙalla inci 0.060 kafin zoben sifirin su haɗe, ka bar irinsa tsakanin hular sifirin da sil ɗin da yake tare mai a wuyan bawul. In tof ɗin samfurin Vortec ne na 1996 zuwa sama, ka yi hattara sosai, hularsa kan taɓa sil da zarar ɗagawa ta kusanci 0.470. Kota, wato makullin da yake riƙe hula a jikin bawul, da hula kuma kusurwarsu ɗaya za ta zama, mai digiri 7 ba ta zama a hular digiri 10.

Roka na asali mai 1.5 ya ishe ka. Masu sa 1.6 suna manta cewa ɗagawar 0.450 ta koma 0.480, duk awon da suka yi ya rushe. Sitod ɗin asali dannawa aka yi, ba zare gare shi ba, zai riƙe matuƙar sifirin bai wuce abin da na faɗa ba. Sabon kamshaf da sabon tafet yake tafiya, ko da tsohon yana sheƙi. Sarkar taimin mai haƙoran roba ka jefar, ka sa ta ƙarfe. In tof ɗin na kafin 1971 ne, zamanin fetur mai darma, a sa masa mazauni mai tauri a bawul ɗin hayaƙi tunda yana kan tebur. Fushrod kuwa, wato sandar da take tura roka daga tafet, kada ka saya sai ka gama haɗawa: ka shafa tawadar maka a kan bawul, ka juya inji da hannu, sawun roka ya fito siriri kusa da tsakiya. In an sassaɓe tof ko bulok, tsawon asali na inci 7.800 ba lallai ya yi daidai ba. Wajen ɗaure roka, daga inda wasan fushrod ya ƙare ka ƙara rabin juyi a noti.

Ranar tayarwa ka shafe tozo da gindin tafet da man moli, ka zuba bakin mai mai sinadarin hana cin ƙarfe, wato ZDDP, wajen kashi 1,200 cikin miliyan, don na zamani tun 2004 aka rage masa shi saboda na'urar tace hayaƙi. Ka juya famfon mai da diril har mai ya fito a roka, ka cika kafireta, ka saita wuta yadda zai kama a bugu ɗaya. Yana tashi ka kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, kana ɗan hawa da sauka, minti 25, ba silo ko na minti ɗaya. In ya yi zafi kashe shi, ya huce, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ka ɗiga farin fenti a jikin kowane fushrod tukuna, ka tabbata duka suna juyawa. Wanda ya tsaya cik, kashe injin nan take ka ciro tafet ɗinsa. Bayan an gama ka zubar da man, ka yanka filta ka kawo mini in gani da idona kafin mai mota ya taɓa makulli.