Tsofaffin bindigogin gidan kaka: tambayoyinku da amsa

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku ne wannan karon duk kan abu ɗaya, sai muka haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Kakanmu tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, bayan rasuwarsa muna gyaran ɗaki muka tarar da wata doguwar bindiga a naɗe cikin buhu duk ta yi tsatsa. A jikin ƙarfen akwai hoton kambun sarauta da G.R. da B.S.A. Co da 1917 da kuma III da ɗan tauraro. Ita ce ya yi yaƙin da ita? Kuma an ce irinta tana da tsada a Turai, gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan kaka ya kyauta makwanci. Ɗan'uwa ka kyauta da ka kwafo rubutun kamar yadda yake, don shi ne ya tona asalinta. Wannan Lee-Enfield ce ta sojan Ingila, samfurin SMLE, mai cin harsashi 10 na .303, wato lambar kaurin harsashin. G.R. ɗin Sarki George na biyar ne, B.S.A. kamfanin da ya ƙera ta ne a Birmingham, 1917 kuwa shekarar ƙira ce, wato ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya. Tauraron nan da ka gani ba ado ba ne, asalin Mark III ta fito tun 1907, da yaƙi ya yi zafi ana buƙatar bindigogi da yawa cikin gaggawa sai aka cire mata wasu ƙananan sassa don aiki ya yi sauri, aka sa tauraro alama. Ka sake dubawa za ka iya ganin wata 'yar alama kamar kan kibiya, tambarin kayan gwamnatin Ingila ne, wani lokaci kuma akwai ɗan faifan tagulla a jikin ƙotar da ake buga sunan rundunar da ta riƙe ta. In faifan yana nan da rubutu to ka yi sa'a ba kaɗan ba.

Ko ita ce ya riƙe a Bama, zai yi wuya. Irinta dai an yi yaƙin Bama da ita, wato Burma a yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka kwashi mutanenmu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japan, amma soja in aka sallame shi yana miƙa bindigarsa ne a ma'ajiyar makamai kafin ya kama hanyar gida, kuma waɗannan bindigogi sun daɗe a hannun soja da 'yan sanda har bayan samun 'yanci, ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da ya watsa makamai ko'ina. Ƙanwarta No. 4 da ta shigo a 1941 ita ce Mak Fo ɗin da manyanmu ke yawan faɗa. In labarin kaka kake nema, takardar sallamarsa da lambar sojansa da lambobin girma irin su Burma Star sun fi bindigar magana, da su za ka je ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Maganar kuɗi kuma don Allah ka cire ta daga ranka. An ƙera miliyoyin irin wannan, ba wani abin mamaki ba ce a wurin masu tara su can waje, nan gida kuma Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai .303 cikin haramtattu, shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisinta, wanda aka kama da ita ba izini yana iya shan ɗaurin shekara 10, kuma dokar ba ta ce in ta tsufa an yafe ba. A wannan zamani na rashin tsaro kada ka kuskura ka ɗaure ta a bayan mashin ka ce za ka kai wa wani ya duba. Ka bar ta inda take, ka ɗauki hoton kowane rubutu da kyau, ku sami lauya da mai unguwa su shige gaba a sanar da 'yan sanda, sannan ku nemi a tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ko za ta karɓa da sunan kaka a jiki. Ni abin da ke min ciwo shi ne yadda tsoro ke sa mutane jefa irin waɗannan a rijiya ko shadda ba wanda ya ko ɗauki hoto.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe muna da bindigar toka ta gado mai ƙanƙara, an ce tun zamanin Sarki Tanimun take. Ina so in goge ta da sanfefa ta yi ƙyalli in harba ranar hawan salla. Daga Damagaram.

AMSA: A'a wallahi, duka biyun kada ka yi. Da farko ka ɗauka a ɗure take, don mutanen da sukan ajiye bindiga da albarushi a ciki kuma albarushi in ya samu wuri busasshe yana shekaru masu yawa bai mutu ba. Kada ka leƙa bakinta, kada ka bar yara su ja kunamar. Ƙarfen da ya haura shekara 100 tsatsa ta ci shi ta ciki inda ido ba ya gani, ka ɗura ka harba ya tsage a hannunka, yatsu ko ido ne za su tafi. 'Yan bindigar fada da kake gani a hawan salla suna da nasu da maƙera ke dubawa.

Sanfefa kuma ita ke kashe tarihin. Ɗan ƙyalle da man keke kaɗan ya isa, ka shafa a hankali kusa da gindin bututun ka duba da tocila. In ka ga E L G cikin zobe kamar ƙwai to a Liège ta ƙasar Beljiyam aka gwada ta, in akwai kambu a saman zoben daga 1893 ne zuwa sama, wato bayan Tanimun ya rasu kenan. In sanduna biyu ne a gicciye da kambu, Birmingham ce. In ba tambari ko ɗaya, kada ka raina ta, mai yiwuwa aikin maƙeran gida ne, kuma Damagaram ta yi suna da wannan, Sarkinta Tanimun ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Tarabulus, a birninsa ana haɗa albarushi har igwa an zuba. Ni a wurina ta gida ta fi ta Turai daraja don ba ta da ta biyu. Ka zauna da mafi tsufa a gidanku ka naɗi muryarsa a waya, wa ya fara riƙe ta, bawan sarki ne ko maharbi, wane yaƙi ta je. Kuma ko a Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, ka bincika.

TAMBAYA: Malam tunda sarakunanmu suna da bindigogi, ya aka yi Turawa suka ci Kano a rana ɗaya? Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: 'Yar'uwa bindiga suna ta tara. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta toshe sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, sai na ɗuri aka bari suna shigowa, waɗanda kafin ka zuba albarushi ka danna ka harba sau ɗaya mai raifil ya harba sau da yawa daga nesan da taka ba ta kaiwa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso da soja 700 da 'yan kai, galibinsu ma baƙaƙen fata ne har da Hausawa, da igwa 4 da Maxim 4, wadda kakanninmu ke ce wa bindiga mai ruwa saboda ruwan da ake zuba mata don kada bututun ya yi zafi, tana zubar da harsashi wajen 500 a minti ɗaya. Ga shi Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da mayaƙa masu yawa. Sakkwato ta faɗi 15 ga Maris, a Burmi kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru 27 ga Yuli. Tunda kina Kano ki fara da gidan tarihi na Gidan Makama, in kuma hanya ta kai ki kudu akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa a Umuahia.