Tara Kuɗin Taimako: Amsoshi ga Sababbin Shiga

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan karon, dukkansu daga mutanen da suka shiga aikin tara kuɗin taimako a karon farko. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Malam, ni da ƙawayena biyu muka ƙudiri aniyar tara wa wasu marayu kuɗin makaranta. Mun yi sanarwa a shafukan sada zumunta, mutane sun yaba, sun sa albarka, sun kuma yaɗa, amma abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Yanzu muna tunanin mu buga riguna masu tambarinmu mu sayar, ko mu biya Facebook ya tallata mu, ko mu kama zaure mu yi taron ƙaddamarwa. Da wanne ya kamata mu fara?

Amsa: Malama, a matakin da kuke ba zan ba ku shawarar ku fara da ko ɗaya daga cikin ukun ba, domin kowannensu zai ci kuɗi tun kafin ya kawo, alhali matsalarku ba ta rashin jin labari ba ce. Mutane sun ji, tunda har sun yaba. Abin da bai faru ba shi ne, babu wanda aka tunkara shi kaɗai aka roƙe shi, kuma sanarwar da aka yi wa kowa da kowa, duk wanda ya karanta yakan ɗauka da wani ake.

Ku zauna ku ukun, kowace ta rubuta sunayen mutanen da za ta iya kira ba tare da gabatar da kanta ba, sannan ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Roƙon ya ƙunshi abin da za a yi da kuɗin, da adadin da ake nema a wurin mutumin, da ranar da za a rufe. Misali: “Yaya, yara 12 muke son biya wa kuɗin zangon karatu mai zuwa, mun samu na 5, ina roƙon ki ɗauki nauyin yaro guda kafin ƙarshen wata, kuma zan kawo miki rasit daga makarantar.” Wannan ya fi “ku taimaka da abin da ya sawwaƙa” nesa ba kusa ba, domin ya ba mutum abin da zai amsa da e ko a’a. Wasu za su ce a’a, wasu za su yi alƙawari su yi shiru. Kada ku ɗauki hakan a matsayin wulaƙanci. Ku tuna wa mai alƙawari sau ɗaya ko biyu cikin ladabi, ku wuce ga na gaba. Nauyin bakin nan na yin roƙo kai tsaye shi ne babban abin da ke kayar da sabon shiga, kuma sau da yawa sayen riguna da kama zaure hanya ce kawai ta kauce masa.

Akwai hikima a fara tarawa a ɓoye kafin a fito bainar jama’a, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. A wani bincike da masana tattalin arziki John List da David Lucking-Reiley suka wallafa a 2002, an aika wasiƙun neman gudummawa ga mutane 3,000 domin saya wa wata cibiya ta Jami’ar Central Florida a Amurka kwamfutoci. An shaida wa wasu cewa an riga an samu kashi 10 cikin 100 na kuɗin, wasu kuma aka ce musu an samu kashi 67, sai abin da rukuni na biyu ya bayar ya ninka na farko kusan sau shida. Dalilin a bayyane yake: mutum yakan ji tsoron jefa kuɗinsa cikin aikin da ba zai kammalu ba, kuma ganin wasu sun riga shi shaida ce cewa an yarda da masu aikin. Saboda haka ku bari sai kun haɗa wani kaso mai kauri daga makusanta, sannan ku koma shafukan da adadin a hannu. Idan kuma a cikin makusantan akwai mai hali, ku roƙe shi ya yi alƙawarin ƙara kwatankwacin duk abin da wani ya bayar. Dean Karlan da List sun gwada wannan a kan wasiƙu fiye da 50,000, suka wallafa a 2007 cewa irin wannan alƙawari ya ƙara abin da ake samu da kimanin kashi 19 cikin 100, amma alƙawarin ninki biyu ko uku bai ƙara komai a kan na ninki ɗaya ba.

Game da rigunan, mai bugawa zai nemi ku yi oda mai yawa ku biya tun farko, wasu za su yi kwantai saboda girma ko launi, sannan wanda ya saya zai ji a ransa ya gama taimakawa, alhali ɗan abin da ya saura bayan an cire kuɗin yadi da bugu ne kaɗai zai isa ga marayun. Taron ƙaddamarwa kuwa, ƙungiyoyin da suka goge sukan karɓi manyan alƙawura tun kafin ranar, taron ya zama wurin sanarwa. Wanda ya kama zaure da fatan baƙi za su cika asusu, yana iya tashi da bashi. Talla ta kuɗi tana da ranarta, wato lokacin da kuke da aikin da kuka kammala wanda baƙo zai duba ya gamsu.

Abin da ya cancanci ku saya yanzu shi ne littafin rasit mai barin kwafi, da littafin da za ku riƙa rubuta shigar kuɗi da fitarsu da kwanan wata. Ku gode wa kowa da sunansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan an biya makarantar ku aika masa hoton rasit ba tare da ya tambaya ba. Alƙaluman da ake tattarawa duk shekara a Amurka suna nuna cewa waɗanda ke sake bai wa ƙungiya gudummawa a shekara mai zuwa ba su kai rabi ba, a cikin masu bayarwa karon farko ma kusan ɗaya ne cikin biyar ke dawowa. Yaran za su buƙaci kuɗin zango na gaba, kuma mutanen nan za ku sake komawa wurinsu.

Tambaya: Abokina yana buƙatar tiyata, ni aka ɗora wa nauyin neman taimako. Shin in ba da lambar asusuna na banki, ko in buɗe shafi a dandalin tara kuɗi na intanet?

Amsa: Malam, asusunka na kanka shi ne zaɓi mafi sauƙi kuma mafi haɗari. Da zarar kuɗin taimako ya cakuɗa da albashinka da cefanenka, ko kai mai gaskiya ne ba za ka iya nuna gaskiyar ba idan an tambaye ka, kuma za a tambaye ka. Abin da ya fi shi ne ka fara bincika ko asibitin zai karɓi biya kai tsaye da sunan majinyacin. Idan hakan bai yiwu ba, ka nemi ƙungiya mai rajista da za ta karɓa a madadinku, ko ku buɗe asusu na musamman wanda ba a cire komai daga cikinsa sai mutum biyu sun sa hannu, ɗayansu daga dangin mara lafiyan. Ka kuma binciki dokar inda kake, domin a wasu ƙasashe karɓar gudummawa a bainar jama’a yana buƙatar izini; a Ingila, alal misali, mai tara kuɗi a kan titi sai ya samu lasisi.

Dandalin intanet yana da amfani idan masu bayarwa sun warwatsu a ƙasashe daban-daban, sannan yana nuna wa kowa jimillar abin da aka samu, wanda ke rage zargi. Sai dai ba iri ɗaya ba ne. GoFundMe, wanda aka kafa a 2010, ba ya barin a buɗe gidauniya sai a wasu ƙasashe ƙalilan, kuma a Amurka ana cire kashi 2.9 cikin 100 da ɗan ƙari a kan kowace gudummawa. JustGiving ya fi ƙarfi a Birtaniya. LaunchGood, wanda ya fara a 2013, ya fi karkata ga al’ummar Musulmi. GlobalGiving ƙungiyoyin da ya tantance yake hulɗa da su, ba ɗaiɗaikun mutane ba, Kickstarter kuwa ya haramta tara kuɗin agaji baki ɗaya. Kafin ka zaɓa, ka tabbatar za ka iya cire kuɗin a ƙasar da kake, ka lissafa duk abin da za a zaftare har da asarar canji, ka kuma san kwana nawa kuɗin ke ɗauka kafin ya iso, tunda tiyata ba ta jira. Idan sai ka bi ta hannun wani da ke ƙasar waje, ka sani cewa a asusunsa kuɗin zai shiga, don haka ku rubuta yarjejeniya komai kusancinku. Kada kuma ka zaci dandalin zai kawo maka masu bayarwa. Mafi yawansu kai ne za ka aika musu da shafin.

Za ka haɗu da masu shakka, kuma suna da hujja. A 2017 wasu mutum uku a Amurka suka ƙirƙiri labarin wani mara matsuguni da ya bai wa wata mata dala 20 ɗinsa na ƙarshe ta sayi man mota, suka tara kimanin dala 400,000 a GoFundMe, daga baya asiri ya tonu, aka mayar wa mutane kuɗinsu, kotu ta hukunta su. Ka tanadi takardar asibiti mai nuna kuɗin aikin, ka nuna wa wanda ya nema. Gaskiya ne labarin mutum guda ya fi alƙaluma taɓa zuciya, kamar yadda binciken Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic na 2007 ya nuna, amma kada ka saka hoton abokinka ko bayanin cutarsa sai da yardarsa. Zai warke da yardar Allah, hoton kuwa zai ci gaba da yawo.

Tambaya: Ya halatta in cire kuɗin mota da na waya daga abin da muka tara? Idan kuma kuɗin ya zarce buƙata fa?

Amsa: Ɗan’uwa, aikin taimako yana cin kuɗi, kuma a 2013 manyan cibiyoyi uku masu tantance ƙungiyoyin agaji a Amurka sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna gargaɗin kada a auna ƙungiya da ƙanƙantar kuɗin gudanarwarta kaɗai. Sharaɗin shi ne ka faɗa tun kafin a bayar, ka kuma ajiye shaidar kowane abin da ka kashe. Idan ka riga ka ce duk abin da aka bayar zai tafi ga mabuƙata, to ka ɗaure kanka, sai dai ka biya daga aljihunka ko ka nemi mutum guda ya ɗauki nauyin hidimar daban, wanda a ganina shi ne mafi tsafta.

Rara kuwa takan faru. A Afrilun 2020 Kyaftin Tom Moore, wani tsohon sojan Birtaniya mai shekara 99, ya nemi tara fam 1,000 domin tallafa wa hukumar lafiya ta Birtaniya, aka tara fiye da fam miliyan 32. Naka ba zai kai haka ba, amma buƙatar tana iya sauyawa, ko wani ya biya duka a rana ɗaya. Ka rubuta a cikin sanarwarka ta farko inda rarar za ta tafi. Idan ka riga ka wuce wannan matakin, ka dakatar da karɓa nan take, ka sanar da masu bayarwa adadin da ya saura da abin da kake son yi da shi, ka ba su wa’adi, duk wanda bai amince ba ka mayar masa da kasonsa.