Kwana a tsohon masauki a Matsumoto

Malam, ka tambaya ko ya dace ka kwana a ryokan, wato masaukin gargajiya na Japan, idan ka je Matsumoto ganin baƙar fadar da aka gina a ƙarshen ƙarni na 16. Ya dace ƙwarai, musamman a unguwar Asama mai maɓuɓɓugar ruwan zafi. Ana cire takalmi a bakin ƙofa, a kwana kan katifar da aka shimfiɗa bisa tabarma, kuma kowane mutum da kuɗinsa, galibi haɗe da abincin dare da na safe. Ka sanar da masu masaukin tun da wuri cewa ba ka cin alade ko girkin da aka sa wa giyar shinkafa. Wurin wanka kuwa na tarayya ne, tsirara ake shiga, don haka ka nemi ɗaki mai nasa wurin wankan.