Gida Mai Waya Da Ake So A Ƙara Masa Wi-Fi

Ka ce gidan da za ka je gobe akwai rauta a falo, an riga an ja waya zuwa ɗakuna, kwamfutoci suna aiki, sai dai maigidan yana so wayoyin hannu su samu Wi-Fi har bene. Ka tambaye ni ko ka sayo wata rauta kawai ka soka a ramin bango. To saurara, yarona.

Abin da gidan nan yake buƙata shi ne na'urar watsa Wi-Fi, wadda muke kira AP. Rautar falo ita ce take raba wa kowace na'ura adireshin IP, aikin da ake kira DHCP. In ka kawo wata rauta ka bar ta tana raba nata, ka tsayar da liman biyu a sahu ɗaya. In ta ramin LAN ka haɗa ta, wato ramin da ake soka kwamfutocin gida, adireshi zai riƙa karo, intanet ta zo ta ɗauke. In ta ramin WAN ka haɗa, wato ramin da intanet take shigowa, intanet za ta yi aiki, amma ka raba gidan biyu: kwamfutar falo ba za ta ga firintar da ke kan Wi-Fi ba, kuma ranar da aka kira ka sai ka yini kana neman laifin da kai ka dasa.

In AP ta gaske ce, aikin da sauƙi. In kuwa tsohuwar rauta maigidan ya miƙo maka, duba ko tana da zaɓin AP a saitinta, da yawa daga cikin na TP-Link suna da shi. In babu, haɗa ta da kwamfutarka ita kaɗai tukuna. Kashe DHCP. In babbar tana kan 192.168.1.1, ba wa wannan 192.168.1.2, ka tabbatar lambar ba ta cikin waɗanda babbar take rabawa. Sannan ka soka wayar bango a ramin LAN, ka bar na WAN a wofi.

Inda za ka ɗora ta, nan ne gwaninta take. Gidajenmu bulo ne da kankare, rufin bene kuma cike yake da rodi. Siginar 5 GHz tana da gudu amma bango biyu sun isa su raunana ta, ta 2.4 GHz ta fi ratsa bango, ta fi kuma cunkoso. Don haka kar ka yi wa mutum alkawarin na'ura ɗaya za ta ciyar da sama da ƙasa. Kowane hawa da tasa, a silin ɗin tsakiyar gida, ba bayan talabijin ko cikin kabad ba. A 2.4 ka zaɓi tasha 1, 6 ko 11, ta sama daban ta ƙasa daban. Sunan Wi-Fi da kalmar sirri kuwa ka sa iri ɗaya, don wayar hannu ta koma kan wadda ta fi kusa.

Kar wani ya ruɗe ka da rifita. Gidan da yake da waya a bango ba ya buƙatar na'urar da za ta karɓa ta iska ta maimaita ta iska, gudun ya ragu kusan rabi.

Gwada wayar da ka tarar kafin ka dogara da ita. Cat5e ko Cat6 iyakarta mita 100. In ta wayar za ka ba AP wuta, wato PoE, kankare sili ɗaya na cikin wayar ka gani: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, kar ka ɗora wuta a kai. PoE yana da wani amfani a wajenmu: ka sa suwic ɗin, wato akwatin da yake tura wa AP wuta ta wayar, a kan inbata, in an ɗauke wuta Wi-Fi ɗin duk gidan yana nan.

Kafin ka tattara kaya, sa tsaron Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, kashe WPS, wato hanyar shiga ba tare da rubuta kalmar sirri ba, canja kalmar sirrin shiga saiti. Rubuta wa maigidan komai a takarda, sannan ka ɗauki wayarka ka zaga ɗaki ɗaki, har kicin da ɗakin baƙi, kana kallon sigina.