Amsa: in rabo ba ya wuce mai shi, wahalar me ake sha?

Ɗan'uwa ka ce karin maganar nan biyu sun rikita ka, wai "rabon kwaɗo ba ya hawa sama" amma kuma "zomo ba ya kamuwa daga zaune", to wanne za a ɗauka? Ni dai a ganina duka biyun, sai dai kowanne da lokacin faɗinsa. Na farkon ana faɗa wa wanda ya yi iya yinsa abin bai zo ba, misali manomin da ya yi shuka ya zuba taki damina ta ɗauke masa a watan Agusta, don zuciyarsa ta yi sanyi. Na biyun kuwa na wanda ke kwance a majalisa ne tun hantsi yana latsa waya yana cewa ƙaddara ce.

Ko Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, yana nan a Bukhari.

Af, "Allah ya ce tashi in taimake ka" ɗin da ka kawo ba aya ba ce fa, zancen Hausawa ne, in aya kake so duba Suratun Najmi aya ta 39.