Ina ake samun zanen awo na 'yan gine-ginen layin dogo?

Tambaya: Ina haɗa ƙaramin layin dogo na kwaikwayo a sikelin HO, kuma na gaji da gine-ginen da ake sayarwa a kwali, duk kamanninsu ɗaya. So nake na yanka tawa tashar da ɗakin ajiyar kaya irin na ƙauyukan Amurka na da. Hotuna sun cika intanet, amma zane mai awo a HO ya gagare ni. Ina zan nema?

Amsa: Malam, ka daina neman zanen da aka yi a HO. Abin da kake buƙata shi ne awon ginin gaske, kowane sikeli aka zana shi. HO kashi 1 ne cikin 87.1, wato kowace ƙafa ɗaya ta koma milimita 3.5. Tasha mai tsawon ƙafa 40 za ta zama milimita 140, ƙofa mai ƙafa 6 da inci 8 kuma ta zama milimita 23 da 'yan kai.

Fara da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. A shafinsa akwai tarin HABS, shirin auna tsofaffin gine-gine da aka soma a 1933, da HAER, wanda ya biyo baya a 1969 don gadoji, masana'antu da kayan layin dogo. Kyauta ake sauke su. Ka nemi sunan kamfanin jirgin tare da kalmar depot, wato tasha, sannan ka duba ko akwai zane, domin gine-gine da yawa hoto da bayani kawai aka ajiye musu. Ka sauke babban fayil ɗin TIFF. A ƙaramin hoton lambobin awo ba sa karantuwa.

Sai ƙungiyoyin tarihi na tsofaffin kamfanonin jirgin ƙasa. Kamfanonin nan sukan yi zane guda na tasha su maimaita shi a garuruwa da dama, don haka zane ɗaya yakan isar maka. Tsofaffin fitowar mujallun Model Railroader da Railroad Model Craftsman ma cike suke da zane, sau da yawa a HO ɗin kansa. Taswirorin inshorar gobara na Sanborn kuwa ba za su nuna maka fuskar gini ba, amma suna ba da shimfiɗarsa a ƙasa, yawan hawa, da abin da aka gina shi da shi: ruwan hoda bulo ne, rawaya katako. Galibinsu inci ɗaya ƙafa 50 ne, don haka sun dace da tsawo da faɗi kawai.

Idan zanen ya zo a wani sikeli, raba lambarsa da taka. Zanen kwata inci a ƙafa 1:48 ne. 48 a raba da 87.1 ya ba da kashi 55 cikin ɗari, a nan za ka buga. Zanen N, wato 1:160, sai ka ƙara shi zuwa kashi 184. A nan ne mutane suka fi yin asara. Firinta takan rage shafi da kanta don ya shiga takarda, sai ka kashe wannan zaɓin. Bayan ka buga, ɗora rula a kan layin awon da ke jikin zanen: ƙafa 10 dole ta zama milimita 35. Ka gwada a kwance, ka gwada a tsaye, saboda tsohuwar takarda da aka yi wa kwafi sau da yawa takan miƙe ta gefe guda fiye da ɗayan. Duk inda layin zane ya saɓa da lambar da aka rubuta, bi lambar.

To idan ba zane sam, sai hoto? A ganina wannan bai kai abin fasa aiki ba. Nemi hoton da aka ɗauka gaba da gaba, ka miƙar da bangon da kayan gyaran karkata na manhaja irin GIMP, sannan ka nemi abu guda da ka san awonsa. Ƙofar mutane, irin mai ƙafa 6 da inci 8 ɗin nan, ita ce ta farko. Bulo ya fi ta: a bulon Amurka na zamani, layi uku da simintinsu inci 8 ne, don haka bango mai layi 60 ya kai ƙafa 13 da inci 4, kusan milimita 47 ke nan. Tsohon bulo yakan ɗan bambanta, sai ka gwada lissafinsa da na ƙofa ka ga ko sun yi kusa. Kada ka auna da mutumin da ke tsaye a gaban gini. Ya fi bangon kusa da kyamara, zai sa ginin ya fito gajere.

Ko da zane mai kyau a hannu, rufi yana yaudara. Zanen gaba yana nuna tsayin rufin ne kawai, ba tsawon gangarensa ba. Ɗauki gini mai faɗin ƙafa 20, milimita 70 ke nan, da rufin da ke hawa inci 6 a kowane inci 12. Daga gaba za ka ga milimita 17.5, alhali kowane ɓari yana buƙatar milimita 39, ban da bakin da zai leƙo waje. Daga zanen gefen da ke da tsini ake auna shi. Kuma tsofaffin tashoshi bakin rufinsu yakan fito sosai don ya yi wa fasinja inuwa, kada ka manta da shi.

Kaurin bango ma haka. Idan farantin robarka milimita 1 ne kuma gajerun bangaye za su shiga tsakanin dogaye, rage milimita 2 daga faɗin kowane gajere, in ba haka ba ginin ya yi ƙiba, rufin da ka yanka ya kasa rufe shi. Tagogi kuwa, in na saye za ka sa, saye su tukuna ka huda ramin daidai da su, ko da sun saɓa wa zanen da rabin milimita. Ido ba zai kama wannan ba, amma zai kama giɓi a gefen taga.

Kafin ka taɓa roba ko katako, manna zanen a jikin kwali, ka yanka, ka haɗa da salatif, ka ajiye a gefen layin tare da tarago mafi faɗi da kake da shi, ka tura shi ya wuce ka ga ko zai taɓa bakin rufi. In ɗakin kayan ya fi wurin da kake da shi tsawo, cire sashe guda cur, ƙofar kaya ɗaya da bangon da ke gefenta, ka bar sauran ƙofofi da tagogi a awonsu na asali.