Zauren Shari'a: Wa ke naɗa alƙalan Kotun Ƙoli?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Gardama ta kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wasu sun ce shugaban ƙasa ke ɗauko duk wanda ya ga dama ya ɗora a Kotun Ƙoli, wasu sun ce aikin sanatoci ne. A raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare ya riƙo wani abu, amma wurin da ake tankaɗe da rairaya ba fadar shugaban ƙasa ba ce, ba kuma zauren majalisa ba.

Sashe na 231 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ke naɗawa, amma bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, sannan Majalisar Dattawa ta amince. Sharaɗin da kundin ya gindaya shi ne mutum ya shekara 15 da zama lauya a Najeriya. Bai ce lallai sai alƙali ba. Teslim Elias daga kujerar Antoni-Janar ya zama Alƙalin Alƙalai a 1972. Sai dai a yanzu al'ada ta yi ƙarfi, kusan duka daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ake ɗauko su.

Idan gurbi ya samu, Hukumar Ayyukan Shari'a ta Tarayya ce ke fara tace sunaye ta miƙa wa NJC. A 2023 sunaye 22 ta tura, 11 na gaba, 11 na ko-ta-kwana. NJC ta yi musu tambayoyi, ta duba hukunce-hukuncen da suka rubuta da ƙorafin da aka shigar a kansu. Ana kuma lura da shiyya: gurbin da ɗan Arewa maso Yamma ya bari, yawanci ɗan shiyyar ke cike shi. Sashe na 288 ma ya ce a kula a samu masana shari'ar Musulunci ta iyali a cikinsu, saboda ƙararrakin aure da gado da ke tasowa daga kotunan jihohi irin Katsina.

Ga inda gizo ke saƙa. Alƙalin Alƙalai shi ne shugaban hukumomin nan biyu, shi ke kuma zaɓen da yawa daga mambobin NJC. A ganinmu wannan iko ya yi wa mutum ɗaya yawa. Sanatoci kuwa ba kasafai suke mayar da suna ba, don haka wanda ya tsallake NJC ya ci rabin yaƙi.

Matsala ta biyu jan ƙafa ce. Alƙalai na ritaya a shekara 70, kowa ya san ranar tun da wuri, amma a ƙarshen 2023 alƙalai 10 kacal suka rage a kotun. Sai a Fabrairun 2024 aka rantsar da sababbi 11, suka zama 21.

Kujerar Alƙalin Alƙalai bisa al'ada mafi daɗewa a kotun ke hawanta. Idan ta faɗi babu kowa, shi ke riƙon ƙwarya na wata uku, kuma ba a sabuntawa sai NJC ta ba da shawara. Walter Onnoghen ya yi riƙo daga Nuwamban 2016, sanatoci ba su tabbatar da shi ba sai Maris 2017. Ɗan Katsina ma ya hau kujerar: Mai Shari'a Mohammed Bello, daga 1987 zuwa 1995.

Masu cewa shugaba ke ɗauko wanda ya so, da Amurka suke magana da sun fi kusa da gaskiya. A can alƙalai tara ne, babu shekarun ritaya, shugaba ke fitar da suna da kansa, sanatoci su jefa ƙuri'a.